Tankar Yaƙi da Taimakon Ƙetare: Abin da Bidiyon Waya Ba Ya Nunawa

Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairun 2022, da wuya mako ya wuce ba a turo wa mutum bidiyon tankar yaƙi tana ci da wuta ba. A majalisun Kaduna, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har rumfunan Kawo, hukuncin da ake yankewa kan waɗannan bidiyoyi bai wuce uku ba. Wani ya ce kayan Rasha tarkace ne. Wani ya ce na Turawa suna ne kawai, ga tankokin Leopard da Abrams ma an ƙone su. Na uku ya ce ai zamanin tanka gaba ɗaya ya wuce, tunda ɗan jirgi maras matuƙi da bai kai kuɗin babur ba yana iya hallaka ta.

Maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Kaduna garin soja ne: a nan hedkwatar Runduna ta Ɗaya take, a nan Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA take, ga Jaji a kan hanyar Zariya, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri. 'Ya'yanmu da ƙannenmu ne ke shiga cikin waɗannan ƙarafa, kuma da kuɗinmu ake sayo su. Bidiyon daƙiƙa talatin yana nuna ƙarshen tanka ne kawai. Ba ya nuna wanda ya horar da mutanen cikinta, ko ranar da bakanike ya duba ta, ko dalilin da ya sa ta fito fili ita kaɗai. A nan kuwa ingancin rundunar tanka yake.

Mu fara da ƙarfen kansa, don shi ma yana da nasa rabon. Duk mai ƙera tanka yana kokawa da abu uku: ƙarfin igwa, kaurin sulke, da saurin tafiya. In ka ƙara sulke nauyi ya ƙaru, sai inji ya nemi ƙarin mai, gadoji kuma su kasa ɗauka. Tarayyar Sobiyet ta zaɓi tanka ƙarama, gajeriya, mai araha, wadda za a ƙera dubbai. T-72 ba ta wuce tan arba'in da 'yan kai ba, mutum uku ke cikinta, na'ura ce ke ɗura wa igwa harsashi. Ƙasashen Yamma suka zaɓi babba mai tsada: Abrams ta Amurka, Leopard 2 ta Jamus da Challenger 2 ta Birtaniya duk sun kusa ko sun haura tan sittin, mutum huɗu ke cikinsu, na huɗun shi ke ɗura harsashi da hannu.

Wannan zaɓi yana da sakamako na rai da mutuwa. A T-72 da danginta, harsasan igwa suna jere ne a zagaye ƙarƙashin kan tankar mai juyawa, wato mutanen ciki a kan albarushi suke zaune. In wuta ta kai wurin, duka ya tashi lokaci guda, shi ya sa ake ganin kan tanka ya yi tsalle sama ya faɗi can gefe. A Abrams an ware harsasan a wani ɗaki na baya mai ƙofar ƙarfe, rufinsa kuma an yi shi yadda fashewa za ta fita sama. Tankar na iya lalacewa, amma sau da yawa mutanen su fito da ransu. Akwai kuma wani bambanci da ba a cika ambata ba: T-72 in za ta ja da baya, gudunta bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba, Leopard 2 kuwa tana iya kusan kilomita 30 a awa da baya. Wanda ya leƙo ya yi harbi yana son komawa maɓoya kafin a mayar masa, ya san darajar wannan. A ganina, babban fifikon tankar Yamma shi ne ceton ran ma'aikatanta. Ana iya ƙera sabuwar tanka cikin watanni, amma kwamandan tanka mai gogewar shekara goma ba a sayo shi a kasuwa.

To amma in ƙarfe ne ke cin yaƙi, da tarihin Iraƙi bai zo yadda ya zo ba. A 1991 sojojin Saddam Husaini suna da tankoki dubbai, har da T-72, amma yaƙin ƙasa bai wuce awa ɗari ba aka gama da su. Amurkawa suna da na'urar gani da zafin jiki, suna hango abokin gaba cikin dare da ƙura tun shi bai san suna wurin ba, kuma sama tana hannunsu. Aka ce to, kayan Sobiyet ne matsala. Bayan faɗuwar Saddam, Amurka ta sake gina sojan Iraƙi da kayanta, har da tankokin Abrams 140. Sai ga Yunin 2014, mayaƙan ISIS a motocin a-kori-kura suka karɓe Mosul, dakarun da suka ninka su yawa suka watsar da kaya suka gudu. Firaminista Haidar al-Abadi da bakinsa ya ce motocin Humvee 2,300 aka rasa a Mosul, kuma shi ne ya bayyana cewa an gano sunayen sojojin bogi 50,000 da ake karɓar albashinsu. An canza kayan, ba a canza halin rundunar ba. Haka aka gani a Afganistan a Agustan 2021, bayan Amurka ta kashe fiye da dala biliyan 80 kan jami'an tsaron ƙasar. Jiragensu da motocinsu 'yan kwangilar ƙetare ke gyarawa, da waɗannan suka tattara suka tafi, gyara ya tsaya.

Abin da ya sami Rasha a makonnin farko na 2022 irin wannan ne, duk da ita ke ƙera kayanta. Ta shiga da tunanin kwana kaɗan za a yi, don haka tankoki suka riƙa bin kwalta a jere, ba isassun sojojin ƙasa a gefensu. Tanka makauniya ce daga kusa. Wanda ke ciki ta ƙananan tagogi yake kallon duniya, injin kuma ya toshe masa kunne. Dole sai da dakaru a ƙafa suna share mata dazuka da gidaje, in ba haka ba mutum ɗaya da makamin kafaɗa irin Javelin ko NLAW ya ishe ta. Ayarin nan mai tsawon kusan kilomita 60 da ya tsaya cik a arewacin Kiev, ƙarancin mai da abinci da lalacewar motoci sun taka rawa wajen tsayar da shi, ga taɓon ƙarshen hunturu da ya hana sauka daga titi. Tankoki da yawa ba harbinsu aka yi ba, barinsu aka yi, har manoma suka riƙa jansu da tarakta. Abin takaicin shi ne Rasha ta taɓa shan irin wannan a Grozny, babban birnin Checheniya, a daren shiga 1995, lokacin da ta tura ayarin sulke tsakiyar birni 'yan Checheniya suka rufe su daga saman benaye.

Yanzu ga batun taimakon ƙetare, inda na fi son a tsaya a duba da kyau, don shi ne ya fi kama da halin da muke ciki.

Taimakon tanka na farko da ya yi wa Yukren amfani sosai ba shi ne wanda ya cika jaridu ba. Foland ta ba da T-72 fiye da 200 tun a 2022, Jamhuriyar Cek ma ta bayar. Tsofaffi ne, amma sojan Yukren ya san su ciki da waje, bakanikensa ya san kowane ƙusa, harsashin ma iri ɗaya ne da wanda ke rumbunsa. Yau a kawo, gobe a shiga fage. Haka ma tankokin da Rasha ta gudu ta bari a yankin Izium a Satumban 2022.

Na Yamma kuwa sai da aka shafe kusan shekara ana ja-in-ja. Dokar sayar da Leopard ta ce duk ƙasar da ta saya ba za ta miƙa wa wata ba sai da izinin Jamus, don haka Foland tana so ta bayar amma tana jiran Berlin, Berlin kuma tana jiran Amurka ta fara. A Janairun 2023 Birtaniya ta yi alƙawarin Challenger 14, ranar 25 ga watan Jamus ta amince da Leopard 2, Amurka ta ce za ta ba da Abrams 31. Abrams ɗin ba su fara isa ba sai Satumba. A cikin waɗannan watanni Rasha ba barci take ba. Ta haƙa ramuka, ta jera turakun kankare, ta binne nakiyoyi a faɗin filayen Zaporizhzhia, layin da aka fi sani da sunan Janar Surovikin. Da Yukren ta fara farmakinta a Yunin 2023, hotunan farko da duniya ta gani su ne Leopard da motocin sulke na Bradley sun cunkushe a filin nakiya kusa da Mala Tokmachka. Nakiya ta tsinka sarƙar ta gaba, na baya suka tsaya, igwogi da jirage masu saukar ungulu suka same su a tsaye. An so a kai gaɓar Tekun Azov, aka ƙare da ƙauyen Robotyne da kewayensa.

Ba daidai ba ne a ce Leopard ta gaza. Koyarwar yaƙi ta NATO ta ginu ne kan cewa sama tana hannunka kafin tanka ta motsa, Yukren kuwa ba ta sami jiragen yaƙi na F-16 ba sai a 2024. Motocin share nakiya ba su isa ba. Ma'aikatan da aka horar a Jamus makonni kaɗan aka ba su, alhali haɗa tanka da dakaru da igwa da injiniyoyi su yi aiki kamar jiki ɗaya abu ne na shekaru. Sannan fagen daga ya kai kusan kilomita dubu; tanka 14 ko 31 ba za su sauya shi ba, komai kyansu.

Sai matsalar gyara, wadda duk wanda ya san kasuwar Panteka ta Kaduna zai gane ta nan take. Mota komai tsadarta, in ba a samun kayanta a Panteka kuma babu bakaniken da ya san cikinta, ranar da ta tsaya ta zama kwalliyar ƙofar gida. Yukren ta wayi gari da tarin samfura daban-daban. Tankokinta na gado harsashi mai faɗin milimita 125 suke ci. Leopard 2 da Abrams na 120. Challenger ma 120 ce, amma bututun igwarta mai zare ne, harsashinta nata ne ita kaɗai. Leopard 1 da Jamus da Denmak da Holan suka tattaro ta 105 ce. Abrams injinta irin na jirgin sama ne, mai yawan shan mai, mai son a riƙa share masa matatar iska. Kowace da kayan gyaranta, da littafinta, da makanikanta. Wadda ta yi mummunar lalacewa sai an ɗora ta a tirela ko jirgin ƙasa an kai ta Foland ko Lituweniya, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta yi watanni tana jiran wani ƙaramin ƙarfe.

Kuma mai bayarwa yana da siyasar gidansa. Daga ƙarshen 2023 Majalisar Dokokin Amurka ta riƙe tallafin kusan dala biliyan 61 har zuwa Afrilun 2024. A tsakiyar wannan jira harsasan igwa suka yi wa Yukren ƙaranci, garin Avdiivka ya faɗi a Fabrairu. Makamai masu linzami na ATACMS da aka ba ta, an hana ta harba su cikin ƙasar Rasha har sai Nuwamban 2024. Ban ga laifin mai kaya don ya kafa sharaɗi ba, kowace ƙasa muradinta take karewa. Amma wanda ya jingina tsaronsa da rumbun wani ya sani cewa zaɓen wata ƙasa na iya yanke wa sojansa harsashi. Rasha ma da ake ganin ta tsaya da ƙafarta sai da ta nemi jiragen Shahed daga Iran da harsasai daga Koriya ta Arewa, ta kuma fito da T-62 da T-55 na shekarun 1950 da 1960 daga ma'ajiya, domin masana'antarta ta Uralvagonzavod ba ta iya maye gurbin abin da ake rasawa da sababbi kaɗai.

Batun jirage marasa matuƙa gaskiya ne, ba a raina shi. An fara ganin alamarsa a Nagorno-Karabakh a 2020, inda Azarbaijan ta yi amfani da jiragen Bayraktar na Turkiyya ta ragargaza tankokin Armeniya cikin kwana 44. A Yukren abin ya kai inda ɗan jirgi na 'yan ɗaruruwan daloli, ɗaure da kan roka, yake bin tanka ta miliyoyin daloli ya same ta a rufi ko a baya inda sulke ya fi siriri. Shi ya sa ake ganin an yi wa tankoki keji da raga, wasu har an lulluɓe su da rumfar ƙarfe gaba ɗaya. Amma an taɓa yi wa tanka jana'iza a baya. A Oktoban 1973 sojojin Masar suka tsallaka mashigin Suwez suka lalata tankokin Isra'ila masu yawa da makamin Sagger, aka ce ta ƙare. Sai aka gyara dabara, aka haɗa ta da dakaru da igwa, ta ci gaba da aiki. Har yau in ana son ƙwace fili a ƙarƙashin ruwan wuta, ba a sami abin da ya maye gurbin sulke mai tafiya da babbar igwa ba. Abin da ya canza shi ne tanka ta ƙara zama mai bukatar rakiya: na'urar toshe sigina, masu harbo ƙananan jirage, da nata jiragen da za su yi mata leƙen gaba.

Akwai misalin taimakon da ya yi aiki, kuma a maƙwabtanmu ne. A farkon 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin kwamandansu Hassan Djamous suka fuskanci rundunar Gaddafi mai ɗaruruwan tankoki a arewacin ƙasar. Faransa ba ta ba shugaban Chadi Hissène Habré tanka ba. Ta ba shi motocin Toyota da makamin harbo tanka na MILAN, ta kuma tsare masa sama. 'Yan Chadi sun san hamada, sun san tuƙi a yashi, Toyota kuma kowane bakanike ya iya ta. A Fada cikin Janairu da Wadi Dum cikin Maris suka tarwatsa Libiyawa, suka ƙone ko suka kama tankoki masu ɗimbin yawa. An ba mutum abin da hannunsa ya saba da shi, wanda ya dace da ƙasarsa, a lokacin da yake bukata.

Idan muka dawo gida, Najeriya ta daɗe da sanin ɗacin dogaro. A 2014, Boko Haram na karɓe garuruwa a Borno da Adamawa, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu na Cobra daga Isra'ila, tana kafa hujja da take haƙƙin ɗan Adam. Dole aka bazama Gabashin Turai aka sayo T-72 na hannu cikin gaggawa. Jiragen Super Tucano 12 da aka biya kusan dala miliyan 500 sun sha jinkiri, musamman bayan kuskuren jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, ba su fara isowa ba sai 2021. A Afrilun 2020 tankokin VT-4 suka iso daga Sin. Sakamakon wannan saye na nan da can shi ne rundunarmu tana riƙe da Vickers ta Birtaniya mai igwar milimita 105, da T-55 mai 100, da T-72 da VT-4 masu 125. Ciwon kan da Yukren ta shiga saboda larurar yaƙi, mu mun daɗe a cikinsa. Makarantar sojojin sulke da ke Bauci dole ta koyar da kowace, rumbuna kuma su ajiye kayan kowace.

Sannan wane irin yaƙi muke yi? A dazukan Birnin Gwari da Kamuku abokin gaba a kan babur yake, ya shigo ƙauye da tsakar dare ya fice kafin asuba. Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ba su zo da sulke ba. VT-4 ta haura tan hamsin, sai an ɗauko ta a tirela, kuma ƙananan gadojin karkara da taɓon damina ba sa yi mata sassauci. A filayen Borno tanka tana da aiki, wajen kare sansani da fasa maɓoya. A yammacin Kaduna kuwa abin da ya fi ceton rai shi ne mota mai jure nakiya, babura, jirgin leƙen asiri, rediyon da ke aiki, da mutanen gari da suka yarda da soja har su ba shi labari. Na'ura ba ta maye gurbin wannan labarin. Abin da ya faru a Tudun Biri ranar 3 ga Disamban 2023, inda jirgin soja maras matuƙi ya kashe mutum aƙalla 85 a taron Mauludi, ciwo ne da har yanzu bai warke a zukatanmu ba, kuma na'urar ta sami inda aka nuna mata ne. Kuskuren daga gane waɗanda ke ƙasa ya fito.

DICON tun 1964 aka kafa ta, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Ba na tsammanin ta ƙera babbar tanka gobe, musamman da yake karafan Ajaokuta har yau ba su fara fita ba. Amma a Disamban 2019 an ƙaddamar da motar sulke mai jure nakiya ta Ezugwu a nan Kaduna, a 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar DICON da ta buɗe mata ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. Inda nake ganin ya kamata a zuba ƙarfi shi ne harsasai, sarƙar tanka, batura, matatun mai da na iska, gyaran inji, da ƙananan jirage marasa matuƙa, tunda ISWAP ma ta fara amfani da su a yankin Tafkin Chadi. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello a kusa, da dubban maƙera da masu walda, bai rasa hannun da zai yi wannan ba.

Duk lokacin da aka sanar da sabon cinikin makamai ko kyauta daga wata ƙasa, 'yan majalisarmu da 'yan jarida su riƙa tambayar abin da ke cikin takardar yarjejeniyar. Kayan gyara na shekara nawa aka haɗa? Makanikai nawa za a horar, kuma a ina za a riƙa yin babban gyara, a Kaduna da Bauci ko sai an mayar ƙasar da ta ƙera? An yarda mu ƙera harsashinta a gida? Wane sharaɗi aka kafa kan inda za a yi amfani da ita? Sannan a tambayi rundunar kanta: cikin tankokin da aka sayo a 2014 da 2020, guda nawa ne za su tashi in aka murza su gobe da safe?